Masu gadi biyu, suna ɗaya: darasin da kwafin uwar garke ya koya mini a Gassi

Duk wanda ya taɓa zama a N'Djamena cikin watan Afrilu ya san abin da ake kira zafi. Ma'auni ya haura digiri 40, ga ƙura, ga wutar lantarki da ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. A cikin irin wannan yanayi nake kula da kwamfutocin wani Alhaji mai sayar da kayan gini a unguwar Gassi, ba nisa da ginin Majalisar Dokoki. Dukkan lissafinsa, bashin da yake bin mutane da kayan da suka rage a sito, suna cikin na'ura ɗaya, wadda mu masu sana'ar muke kira uwar garke.

Da zai buɗe reshe a wajajen kasuwar Dembé, sai ya ce a kafa masa wata irinta sak. Kafa uwar garke daga tushe aikin kwana biyu ne. Shi ya sa na ɗauki hanyar da kowa ke bi: na yi amfani da Clonezilla, manhajar kyauta da aka ƙirƙira a Taiwan, na kwafe faifan tsohuwar gaba ɗaya, na zuba wa sabuwar. Kafin la'asar ta tashi tana aiki. Alhaji ya yi ta sa mini albarka.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne mai gadin ma ya biyo kwafin. Mai gadin nan manhaja ce mai suna Zabbix, wadda Alexei Vladishev na ƙasar Latbiya ya fitar a 2001. Ƙaramin wakilinta na zaune a cikin na'ura yana duba zafi, lafiyar faifai da sauran wurin ajiya, yana aika rahoto ga cibiya. Idan abu ya wuce ƙa'ida, ko rahoto ya daina zuwa, sai saƙo ya shigo wayata. Na ɗauka aiki ya kammala.

Ashe da sauran rina a kaba. A cikin fayil ɗin saitin wakilin akwai layi guda mai suna Hostname, wato sunan da na'ura ke gabatar da kanta da shi. Kwafi ba ya tambaya, komai yake ɗauka. Sai ya zama na'urori biyu suna aika rahoto da suna ɗaya, ita kuwa cibiya tana ɗaukarsu abu guda.

Bayan mako uku, wani dare wuta ta ɗauke a Gassi, batirin ajiya ya ƙare, tsohuwar na'ura ta mutu, faifanta kuma ya ƙi tashi. Wayata ba ta ce uffan ba, domin ta Dembé na can tana ta aika "lafiya lau" da sunan 'yar'uwarta. Da safe sai ga kiran Alhaji.

"Malam, ina mai gadin naka da ka ce ba ya barci?"

"Alhaji, a yi haƙuri, ga ni nan zuwa."

"Ɗana, bashin mutane fa na ciki. Ka san abin da nake nufi."

Na sani kuwa. Allah ya taimaka, akwai ajiyar bayanai ta daren shekaranjiya. Cinikin wuni ɗaya muka rasa, shi ma muka zauna da yaran shago muka haɗo shi daga rasitai har bayan isha'i.

Tun daga ranar na sauya yadda nake aiki. Na gane abin da ke cikin faifai kashi biyu ne. Akwai dokokin gadi: me za a duba, a wane mataki za a yi ƙara, wa za a sanar. Waɗannan su ake so kwafi ya ɗauka ba tare da an taɓa su ba. Akwai kuma shaidar na'ura ita kanta, wadda dole kowace ta mallaki tata.

Yanzu kafin in ɗauki kwafi a Linux, ina goge abin da ke cikin fayil ɗin machine-id, don sabuwa ta ƙirƙiri nata a tashin farko; in ba haka ba, na'urori biyu kan iya samun adireshi ɗaya a kan layi. Ina cire makullan SSH na na'urar. Ina cire layin Hostname in bar wakili ya ɗauki sunan na'urar da kansa, sannan in raɗa wa sabuwa nata sunan. Masu Windows suna da Sysprep, wanda ke cire lambar shaida ta SID, amma su tuna yana share tsofaffin bayanan aukuwa, don haka a adana su tukuna.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda na tsallake a da. Ina zare wayar sadarwar kowace na'ura da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, in zauna ina kallon wayata. Sai saƙo ya shigo da sunan da ya dace nake ce wa Alhaji an gama. Yanzu shi da kansa yake tambayata: "Malam, ka ji kukanta?"