Sayen ƙaramar bindiga ta hannu: Abin da doka ta tanada da haɗarin da ke ciki

Tun bayan da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a jihar Katsina, batun mallakar makami domin kare kai ya zama abin da ake tattaunawa a majalisu da kasuwanni, har ma a yankunan da matsalar ba ta yi ƙamari ba, irin su masarautar Daura.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke yawan tafiya a kan hanya, abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne ƙaramar bindiga samfurin fistol, wadda za a iya sokewa a ƙugu ko a ajiye a cikin mota. Da yake kuma babu kantin da ke sayar wa farar hula irin wannan makami, wadda za a yi masa tayi kusan a kullum ta hannu ce, wato wadda ta riga ta bi ta hannun wasu.

To sai dai irin wannan ciniki ya sha bamban da sayen mota ko babur na hannu, domin kuwa mai saye na ɗaukar laifin mallakar makamin, da tarihin abin da aka aikata da shi, da kuma duk wani lahani da ke ɓoye a jikinsa.

Me ya jawo wannan tunani?

Masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, tana arewa maso gabashin jihar ne, nesa da dajin Rugu da kuma ƙananan hukumomin da suka fi shan hare-hare, kamar Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari.

Duk da haka, wasu abubuwa sun girgiza mazauna yankin. A ranar 1 ga watan Mayun 2019, wasu mutane ɗauke da makamai suka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, kuma sai bayan kimanin watanni biyu ne jami'an tsaro suka kuɓutar da shi a Kano.

A watan Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da shugaban ƙasa na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, ke ziyara a mahaifarsa ta Daura. Haka kuma a watan Yulin 2022 aka kai hari kan ayarin jami'an fadar shugaban ƙasa a kusa da Dutsinma, yayin da suke kan hanyarsu ta zuwa Daura gabanin babbar Sallah.

A cikin wannan yanayi ne gwamnan jihar na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a a watan Agustan 2021 da su nemi makamai domin kare kansu, ya kuma maimaita kiran a watan Disambar wannan shekara. A watan Yunin 2022 ita ma gwamnatin Zamfara, ƙarƙashin Bello Matawalle, ta buƙaci 'yan sanda su bai wa mutanen da suka cancanta lasisin riƙe bindiga.

Amma babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni. Tsarin mulkin Najeriya dai ya sanya batun makamai da harsasai a cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya ce kaɗai ke da ikon yin doka a kansu.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a shekarar 1959, ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko shi ne na makaman da aka haramta, wanda ya haɗa da manyan bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigogin soja, da kuma ƙananan bindigogi irin su fistol da libarba. Ba wanda ke da ikon ba da izinin riƙe waɗannan sai shugaban ƙasa.

Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda Sufeto-Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Kashi na uku kuwa shi ne na bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka da bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Wannan rabe-rabe na nufin cewa ƙanƙantar fistol ba ta sa laifin riƙe ta ya zama ƙarami ba. A idon doka, tana sahu ɗaya da bindigar AK-47. Hukuncin da aka tanada wa wanda aka kama da makami na wannan kashi ba tare da izini ba shi ne ɗaurin da bai gaza shekaru 10 ba.

Dokar ta kuma hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekaru 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da kuma wanda kotu ta samu da laifin da ya shafi tayar da hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, lasisi na mutum ne shi kaɗai, kuma a kan wata bindiga takamaimai. Ba a sayar da shi tare da bindigar, ba a kuma gadonsa. Saboda haka, ko da mai sayarwa ya nuna takarda mai ɗauke da hatimi, takardar ba ta halatta wa mai saye komai ba. Sayar da makami ma aiki ne na dillalan da aka yi wa rajista, su ma kuma ba a yarda su miƙa wa wanda ba shi da izini ba.

Ko ita hanyar neman lasisin bindigar farauta ta sha fuskantar rufewa. A watan Agustan 2023, muƙaddashin Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, yana mai cewa makaman da ke yawo a ƙasar sun yi yawa.

A ƙasa kamar Amurka, inda doka ta amince da cinikin bindigar hannu, mai saye kan je kantin dillali mai lasisi, a binciki tarihinsa, a kuma rubuta lambar bindigar a littafi. Irin wannan kasuwa ta fistol babu ita a Najeriya ga farar hula.

Daga ina bindigar ta fito?

Idan babu halattacciyar kasuwa, ke nan kowace fistol da ake tayi a ɓoye ta biyo ta wata karkatacciyar hanya ce.

Wata cibiyar bincike da ke Geneva mai suna Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, adadin da ya ninka na hannun sojoji da 'yan sanda kusan sau goma.

Masu bincike na ambaton hanyoyi uku da waɗannan makamai ke bi. Ta farko ita ce fasa-ƙwauri. Iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500, kuma baya ga mashigai na hukuma irin su Kwangwalam da ke ƙaramar hukumar Mai'adua, akwai ɗimbin ɓarayin hanyoyi da ke da wuyar sa wa ido. Rushewar gwamnatin Mu'ammar Gaddafi a Libiya a shekarar 2011 ta ƙara yawan makaman da ke kwarara a yankin Sahel. Ta teku ma ana shigo da su: a watan Janairun 2017 jami'an kwastam sun kama bindigogi 661 a Legas, sannan a tsakiyar 2024 suka kama wasu 844 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke jihar Ribas.

Hanya ta biyu ita ce ɓacewar makamai daga rumbunan gwamnati. Wani rahoto na babban mai binciken kuɗi na tarayya, wanda ya fito fili a farkon shekarar 2022, ya ce ya zuwa ƙarshen 2018 an kasa gano inda bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sanda suka shiga. Wasu makaman kuma ƙwace su ake yi bayan an kashe jami'an da ke riƙe da su.

Hanya ta uku ita ce ta maƙeran ɓoye, waɗanda ke kwaikwayon ƙirar ƙasashen waje da ƙarafan da suka samu.

Tarihin da ke manne da ita

Kowace bindigar masana'anta na ɗauke da lamba a jikinta, kuma kowace na barin wata alama ta musamman a jikin harsashin da ta harba da kuma kwanson da ta tofar. Da waɗannan alamu ne masu binciken laifi ke danganta makami da wani kisa ko fashi.

Wanda ya sayi bindigar hannu ba shi da hanyar sanin ko an taɓa kashe rai da ita. Idan aka kama ta a wurinsa, shi ne zai yi bayani, kuma da wuya wanda ya sayar masa ya zo ya ba da shaida. Idan an kankare lambar, wannan ma wata alama ce da ke ƙara jefa mai riƙe da ita cikin zargi.

Akwai kuma batun inda kuɗin ke zuwa. Dillalin da ke sayar wa magidanci fistol a ɓoye, sau da yawa yana cikin jerin masu safarar da ke kai wa 'yan bindiga makamai da harsasai a daji. Bugu da ƙari, daga ranar da aka ƙulla cinikin, dillalin ya san gidan da ke da makami da kuɗi, ya kuma san cewa mai gidan ba zai iya kai ƙararsa ba.

Ta fuskar addini, malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi a kan cewa mutum na da haƙƙin kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, kuma dokar ƙasa ma ta amince da wannan haƙƙi. Sai dai su malaman sun kuma haramta sayen abin da aka san na sata ne ko na ƙwace.

Lahanin da ido ba ya gani

Ko da an ajiye batun doka a gefe, tsohuwar bindiga na da nata haɗarin. Tsatsa kan ci cikin bututunta, ƙarafan da ke riƙe kunamarta kan saki, har ta kai ga tana iya tashi da kanta idan ta faɗi ƙasa. Harsashin da ya daɗe cikin zafi ko danshi kan ƙi tashi, ko kuma ya maƙale a bututu, wanda hakan kan sa bindigar ta fashe a harbi na gaba.

Ita kuwa ƙirar gida, akan yi bututunta ne da ƙarfen da ba a gwada ƙarfinsa ba, don haka tana iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Mai saye a ɓoye ba shi da ƙwararren da zai duba masa, ba shi kuma da filin da zai koyi harbi.

Sannan akwai tambayar ko makamin zai yi aikin da aka saye shi dominsa. Fistol ba ta cika samun abin da ya wuce nisan mita 50 ba, ko a hannun gwani. Ita kuwa AK-47 tana kaiwa mita 300 ko fiye, kuma gidan harsashinta na ɗaukar 30. Maharan kan zo ne da yawa a kan babura, galibi cikin dare.

A mafi yawan kwanaki, bindigar za ta kasance ne a cikin gida, inda akwai yara da baƙi da kuma saɓanin yau da kullum. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 1993 ya gano cewa yiwuwar a kashe wani a gidan da ke da bindiga ta ninka ta gidan da ba shi da ita kusan sau uku, kuma akasari ɗan gida ne ko makusanci ke aikatawa.

A kan hanya ma, ganin makami kaɗai na iya jawo halaka. A watan Maris na 2025, wasu gungun mutane a garin Uromi na jihar Edo suka kashe mafarauta 16, akasarinsu 'yan jihar Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motar da ta ɗauko su daga Fatakwal zuwa gida domin bikin Sallah.

Wace hanya ta rage?

Masu nazarin rikicin arewa maso yamma sun sha nuni da cewa yaɗuwar makamai a hannun 'yan sa-kai, da kisan da aka riƙa yi ba tare da shari'a ba, na cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya a Zamfara da Katsina.

Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumomi suka karkata ga tsaron haɗin gwiwa mai rajista. A watan Oktoban 2023, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina, da matasa kusan 1,500 da aka ɗauko daga garuruwansu aka kuma horar da su domin yin aiki tare da sojoji da 'yan sanda.

A matakin tarayya kuma, an kafa cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a shekarar 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, kana aka sanya hannu kan dokar da ta ba ta cikakken iko a 2024. Tun a shekarar 2006 ne dai ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka rattaba hannu a Abuja kan yarjejeniyar taƙaita irin waɗannan makamai.

Masu goyon bayan a bar jama'a su riƙe bindiga na cewa jami'an tsaro ba su da yawan da za su kare kowane ƙauye, kuma dokar da ake da ita mutanen kirki kaɗai take ɗaure wa hannu. Masu adawa kuwa na cewa shigar da makami cikin al'umma ya fi fitar da shi sauƙi, kuma wanda aka saya yau don ɓarayi, gobe da shi za a yi rikicin gona ko na siyasa.

Ga mazaunin Daura da ke son bin doka, ƙofar da ta rage ita ce ya tuntuɓi rundunar 'yan sandan jihar kan matsayin lasisin bindigar farauta ko ta gargajiya, ko kuma ya shiga tsarin tsaron unguwa da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka sani. Wanda kuma ya gaji wata bindiga, ko ya tsince ta, abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ya miƙa ta ga 'yan sanda.