Hutun Haihuwa: Wa Zai Biya Albashin Mai Jego?

Ƙanwata ta shekara uku tana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Da cikinta ya kai wata takwas sai ta je wurin mai makarantar neman hutun haihuwa. Ya yi mata fatan sauka lafiya, sannan ya ce ta dawo mako biyu bayan suna, kuma duk kwanakin da ba ta zo ba babu albashinsu. Da haihuwar ta zo sai da aka yi mata tiyata. Ranar da ta samu ƙarfin komawa, ta tarar da wata malama a ajinta. Ba a ba ta takardar sallama ba, an dai ce mata za a neme ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita kanta ba ta ɗauka an tauye mata haƙƙi ba. A ganinta alfarma ta roƙa aka hana ta.

Alhali kuwa doka ta yi magana. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Idan ta yi wata shida a wurin aikin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Ba a yarda a kore ta tana wannan hutu ba, ko da ya zarce saboda rashin lafiyar da ta samo asali daga cikin ko haihuwar, matuƙar likita ya shaida. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana. Mako shida kwana 42 ke nan, wato kusan arba'in ɗin da iyayenmu suka ware wa mai jego tun kafin a san wata doka. Wanda ya kira mace aiki kafin ta gama wankan jego ya saɓa wa dokar ƙasa, ya kuma saɓa wa al'adar gidansu.

Ma'aikaciyar gwamnati ta fi sa'a. Ta tarayya tana samun aƙalla mako 16 da cikakken albashi, Jihar Legas ta kai hutun wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Wannan ya dace da shawarar masana lafiya ta shayar da jariri nono zalla har wata shida. Amma mata nawa ne ke karɓar albashin gwamnati? Akasarinsu suna ƙananan makarantu, da asibitocin kuɗi, da shaguna, inda sau da yawa ko takardar ɗaukar aiki babu. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, gaskiya ne, sai dai mai jego da aka yanke wa albashi ba ta da kuɗin lauya.

Na daɗe ina jin haushin mai makarantar nan, kuma har yanzu ban wanke shi ba. Amma da na zauna na yi lissafi, na ga dokar da kanta ta gina ramin. Ta ɗora nauyin biyan kuɗin kacokan a kan mai ba da aiki. Makarantar da ke rayuwa da kuɗin zango za ta biya mai hutu, ta kuma biya wadda ta maye gurbinta. Shi ya sa ake tambayar mace a wurin neman aiki ko tana da aure, ko tana shirin haihuwa, tambayar da ba a taɓa yi mini ba ni namiji.

Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta nuna mafita: hutun mako 14 aƙalla, da kashi biyu cikin uku na albashi, a biya daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali. A maƙwabciyarmu Nijar, asusun CNSS yana da hannu wajen biyan mai hutun haihuwa. Mu ma muna da NSITF, da ke karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi don biyan diyyar waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Me zai hana Majalisar Tarayya ta faɗaɗa wannan tsari, kowane mai ba da aiki ya zuba ɗan kaso, ko maza zalla ya ɗauka, a riƙa biyan masu jego daga nan?

Ɗan ƙanwata ya fara rarrafe. Ta sami wata makarantar, kuma a wannan karon na matsa mata sai da ta karɓi sharuɗɗan aikin a rubuce. Na karanta takardar daga farko har ƙarshe, babu kalmar haihuwa a cikinta.