Sigarin Laturoni: Kafin Ka Kunna, Yi Lissafin Batirinka

A cikin bukukuwan Ƙaramar Sallar shekarar 2023 ne, muna zaune a soron gidanmu ana ta gaishe-gaishe, sai muka ji wani tsaki mai ƙarfi kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Kafin mu ankara ƙanena ya yi zumbur ya miƙe yana salati yana dukan cinyarsa, hayaƙi na tashi daga aljihun sabuwar shaddarsa. Abin da ya faɗo ƙasa wani ɗan batir ne da bai wuce tsawon yatsa ba, ya yi jawur, har ya ƙona tabarma. Wata tsohuwa ta ce a kawo ɗanyen ƙwai a shafa masa, da ƙyar na hana, muka kwarara masa ruwan sanyi muka wuce asibiti. Mako biyar ya yi yana zuwa wankin ciwo. Da na tambaye shi yadda aka yi, cewa ya yi, "Wallahi Yaya, ban taɓa komai ba, batir ne kawai da makullan mota a aljihun." Bai san cewa amsar ke nan ya ba ni ba.

Ƙanen nan nawa ya shekara goma sha huɗu yana shan taba. Ya koma sigarin laturoni ne don ya rabu da ita, kuma a gaskiya ya rabu. Ni kuwa koyar da ilmin lantarki ne sana'ata, amma ban taɓa zaunar da shi na dubi abin da yake yawo da shi ba, saboda a gidajenmu maganar taba ba a yin ta tsakanin wa da ƙane. Wannan kunyar ce ta ci masa fatar cinya, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Na san za a samu masu cewa talla nake yi wa abin da bai kamata ba. To, mai karatu, bari in share wannan tun da wuri. Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da wani dalili na kusantar wannan na'ura, domin nikotin ɗin da ke cikinta mai kama mutum ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa tana da illa. A ɗaya ɓangaren, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fitar da rahoto a 2015 cewa cutarwarta ta yi ƙasa da ta taba nesa ba kusa ba, duk da cewa masana da dama sun soki adadin kashi 95 cikin ɗari da rahoton ya ambata. Wannan muhawara ta likitoci ce. Nawa bai wuce waya da batir ba, kuma da manya nake magana, waɗanda suka riga suka saya ko suke shirin saye.

Wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro samfurin zamani a 2003, shi ma mashayin taba ne, kuma kansar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. Tsarin ba wani mai wuya ba ne: batir ya tura wuta cikin wani ɗan koyil da aka cusa wa auduga, audugar ta tsotso ruwa daga tanki, zafi ya mayar da ruwan tururi. Na farko-farkon ƙanana ne, koyil ɗinsu na da turjiya mai yawa, wato yana hana wuta kwarara da yawa, kamar siririn bututun ruwa. Ana auna wannan turjiya da ma'aunin om. Daga baya sai aka shiga yayin koyil ɗin da turjiyarsa ba ta kai om ɗaya ba, irin su 0.5 da 0.2 da 0.15. Waɗannan su ne masu fitar da turnuƙun da ke cika ɗaki, su ne kuma masu shaguna ke fara miƙo wa baƙo, don sun fi tsada sun kuma fi ɗaukar ido.

A nan ne lissafin yake, kuma ɗan aji uku na sakandare zai iya shi. Tun 1827 Bajamushe Georg Ohm ya bayyana cewa yawan wutar da ke bi ta waya daidai yake da ƙarfin batir idan an raba shi da turjiya. Batirin da ake sa wa waɗannan na'urori yana kaiwa bolt 4.2 idan ya cika. Raba 4.2 da om 1.2, za ka samu amfiya 3.5, abin da kusan kowane batir zai ɗauka yana dariya. Sauko da turjiyar zuwa 0.5, wutar ta zama amfiya 8.4. Sauko da ita zuwa 0.15, sai ga amfiya 28. Don mai karatu ya gane girman wannan adadi, fiyus ɗin da ke cikin filogin dutsen guga amfiya 13 ne. Wato ana neman ɗan batirin nan ya fitar da fiye da ninki biyu na wannan, alhali yana daf da haƙoran mutum.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai bututun ƙarfe zalla, wanda babu komai a cikinsa sai batir da maɓalli, duk abin da koyil ya nema batir zai bayar, ko da zai hallaka. Irin wannan ne ya fashe a birnin St. Petersburg na jihar Fulorida a watan Mayun 2018, ɓaraguzansa suka shiga kan wani mutum ɗan shekara 38 ya mutu nan take. A ra'ayina sabon shiga ko kyauta aka ba shi wannan, ya yi godiya ya mayar. Ɗayan kuma yana da 'yar ƙwaƙwalwar laturoni da allo, mutum ya zaɓi wat nawa yake so, ita kuma ta yanke wuta idan waya ta haɗu, ko zafi ya yi yawa, ko an danne maɓalli ya daɗe. Da wannan ake farawa. Wanda ma ba ya son ɗawainiya, ya nemi mai batir a gine a ciki wanda ba a cirewa, ya huta da rabin abin da zan faɗa a ƙasa.

Sai dai ƙwaƙwalwar ba ta san wane irin batir aka zura mata ba, kuma a nan lissafin yakan ɗan sauya. A irin wannan na'ura, wat ɗin da aka zaɓa shi ke yanke yawan wutar da za a ja, kuma jan yana ƙaruwa ne yayin da batir ke yin sanyi. Idan ka sa wat 60, batir ya sauko bolt 3.2, ana jan kusan amfiya 19, idan aka haɗa da abin da ke salwanta a hanya ya haura 20. Hanyar da na koya wa ƙanena ita ce ya ninka amfiyar batirinsa sau uku, abin da ya samu shi ne iyakar wat ɗinsa, sannan ya tsaya ƙasa da iyakar. Batir mai amfiya 20, iyakarsa wat 60, mai hankali ya zauna a 45 ko 50.

To, wane batir? Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa 18650, wato faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Akwai babban wansa 21700. Kamfanonin da ke ƙera na ƙwarai ba su da yawa: Samsung da LG da Panasonic da Molicel, sai Murata wanda ya sayi sashen batir na Sony a 2017. Misali, Samsung 25R na ɗaukar 2500mAh, yana jure amfiya 20 ba tsayawa. Samsung 30Q ya fi shi daɗewa da caji, 3000mAh, amma amfiya 15 ce iyakarsa. Haka abin yake, idan daɗewa ta ƙaru, juriya takan ragu, ba a cin biyu. Adadin da za a duba shi ne na jurewa ba tsayawa, domin wasu masu sake wa batir riga sukan buga adadin da yake iya kaiwa na 'yan daƙiƙu kawai. Ya kamata kuma in faɗi abin da masu shago ba sa faɗi: da yawa daga cikin kamfanonin nan sun yi gargaɗin cewa ba don a sayar wa jama'a ɗai-ɗai suka ƙera batiran ba, an yi su ne don a haɗa su cikin rufaffen akwati mai kariya. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta maimaita wannan gargaɗi a watan Janairun 2021.

Matsalarmu a nan ta zarce haka. Batirin nan na 18650 shi ne a cikin tocilanmu da fankokin caji, don haka ya cika kasuwanninmu, kuma da yawa an ciro su ne daga matattun batiran kwamfutar tafi-da-gidanka aka yi musu sabuwar riga. Irin waɗannan an yi su ne don 'yar wuta kaɗan, sun kuma tsufa. Na taɓa sayen guda huɗu da aka rubuta wa 9900mAh na gwada a ɗakin gwaji, babu wanda ya kai 1000. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 5000 ko fiye, ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ƙanena ya sa a aljihu daga wajen mai tocila ya saye shi, don na asalin ya yi masa tsada.

Amma ko na asalin ne, da makullan nan sun yi aikinsu. Gaba ɗaya gwangwanin batirin ɓangare ɗaya ne na wuta, ɗan tsinin kansa kuma ɗaya ɓangaren, abin da ya raba su siririn zobe ne da ledar da aka naɗe shi da ita. Leda ta ɗan yage, ƙarfe ya gitta, shi ke nan wuta ta haɗu, cikin daƙiƙu zafi ya kai ɗaruruwan digiri. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa ko kamawar wuta 195 daga 2009 zuwa 2016, kuma 61 daga ciki a aljihu suka faru. Maganin wannan ɗan akwatin roba ne da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Batirin da rigarsa ta yage ko jikinsa ya lotsa kuwa, a jingine shi. Haka nan barin na'ura cikin motar da aka kulle a ranar Afrilu irin ta Sakkwato ko Maiduguri neman magana ne, haka ma jona caji a kwanta barci, musamman mu da wuta ke zuwa da tsakar dare da ƙarfin da ta ga dama. A nemi caja ta musamman mai yanke kanta, a yi caji ido na gani. Idan na'urar mai batir biyu ce, a saye su tare, a yi cajinsu tare, su tsufa tare. Mai hawa jirgin sama kuma ya sani tun 2015 aka hana sa ta cikin jakar da ake aunawa, kuma akwai ƙasashen da suka haramta ta ɗungurungum, kamar Indiya a 2019.

Saura ruwan. Koyil mai ƙaramar turjiya yana ƙafar da ruwa mai yawa a zuƙa ɗaya, don haka nikotin ɗinsa bai kamata ya wuce miligiram 3 zuwa 6 a kowace mililita ba. Mai 20 ko 50 na ƙananan na'urori ne, wanda ya zuba shi a babba zai sha jiri da amai da bugun zuciya. Sabon koyil a ɗiga masa ruwa a bar shi minti goma ya jiƙa, a fara daga ƙasan wat ɗin da aka rubuta a jikinsa, domin busasshiyar auduga ƙonewa take yi ta fitar da guba. Ruwan da ba a san asalinsa ba kuwa, ya isa a tuna cewa tsakanin 2019 da Fabrairun 2020 mutum 2,807 aka kwantar a Amurka, 68 suka mutu, akasari saboda wani mai da 'yan bayan fage suka gauraya da ruwan wiwi. Kwalbar kuma a ɗaga ta sama, ƙamshin alewa take yi, yaro ba zai bambance ba.

Ƙanena yanzu ƙaramar na'ura yake riƙewa, mai om 1.2 da wat 12, ya ce ashe turnuƙun ma ba shi yake buƙata ba. Ya sauko daga miligiram 12 zuwa 3, yana cewa bana zai ajiye gaba ɗaya. Haka ya ce bara ma. Tsohuwar babbar na'urar tana cikin durowata a ofis, nakan fito da ita a darasin farko na kowane zango in ajiye a kan tebur, in rubuta 4.2 da 0.15 a allo, in ce wa ɗalibai su raba.