Ranar Asabar a "Babban Gida": Ƙwallon Jami'o'i a Amurka

Abin da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ba shi ne wanda muka sani ba. Ƙwallonsu doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake rungumarta a sheƙa da gudu, ƙafa kuwa ba ta taɓa ta sai jefi-jefi. Wani abin da zai ƙara ba mai karatu mamaki shi ne, filayen wasa mafi girma a ƙasar na jami'o'i ne, ba na ƙwararrun 'yan wasa ba. Wanda ya fi duka girma yana garin Ann Arbor a jihar Mishigan. An buɗe shi a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601, shi ya sa suka yi masa laƙabi da "Babban Gida". Mutanen garin gaba ɗaya da kaɗan suka ɗara haka.

Wani ɗan'uwa daga Filato, wanda ya daɗe da zama a can, shi ne ya kai ni wannan fili wata Asabar cikin watan Oktoba. Galibi ranar Asabar jami'o'i suke wasa, Lahadi kuma ta ƙwararru ce. Tun da hantsi muka tarar da jama'a sun cika wuraren ajiye motoci, sun buɗe bayan motocinsu, ana gashin nama ana ci, tsoho da jikansa kowa sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa, wato launin makarantar. Wasu sun bar jami'ar shekara arba'in da suka wuce, amma ba sa fashin zuwa. In ka ga taron sai ka ce bikin Kirsimati ne a ƙauye, lokacin da 'yan birni suka dawo gida.

Wanda ya je kallon wasan nan shi kaɗai, ba mai yi masa bayani, turereniya kawai zai gani. Abokina ya ce mini, "Ɗan'uwa, riƙe abu ɗaya: sau huɗu ake ba su dama su ci yadi goma." Yadi dai irin wanda ake auna atamfa da shi. Kowane ɓangare mutum 11 ne, tsawon filin yadi 100. In masu ƙwallo suka ci yadi goma sai a sake ba su dama huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga ta tsakanin sanduna ya sami 3. A agogo wasan minti 60 ne, amma saboda yawan tsayawa sai ya ci fiye da awa uku, ga sanyi na shiga ƙashi. Da aka tafi hutu, ɗalibai masu badujala suka cika filin da ganguna da ƙahoni, suna tafiya a jere ba mai kuskuren taku. A ganina wannan kaɗai ya isa kuɗin tikiti.

Ana cikin rabi na biyu sai wasu ƙarti biyu suka yi karo da kai, ƙarar hulunansu har inda muke zaune. Ɗaya bai tashi ba. Mutum fiye da dubu ɗari suka yi tsit, sai da aka fita da shi aka tafa masa. Abokina ya ce, "Yaron nan bai wuce shekara ashirin ba, kuma ranar Litinin yana da aji."

Wannan haɗari ba sabo ba ne. Jami'o'in Rutgers da Princeton ne suka yi wasan farko a 1869, kuma zuwa 1905 mace-macen 'yan wasa sun yi yawa har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan wasu manyan jami'o'i fadarsa, aka gyara dokoki a 1906. Amma illar da ba ta fitowa fili, ɗan Nijeriya ne ya tono ta. Dokta Bennet Omalu, ɗan asalin Anambra, wanda ya yi aikin likita a Jos kafin ya tafi Amurka, ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ƙwararren ɗan wasa, Mike Webster, bayan rasuwarsa a 2002, ya ga yadda yawan bugun kai ya lalata ta. Ciwon yana kawo mantuwa da ruɗewa, sau da yawa sai bayan an daina wasa da shekaru.

Ga kuma maganar kuɗi. A 2022 ƙungiyar jami'o'in da Mishigan take ciki ta sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninta na shekara bakwai a kan dala fiye da biliyan 7, wasu masu horar da 'yan wasa kuma albashinsu ya haura dala miliyan 10 a shekara. Alhali kuwa shekaru da dama ɗaliban da suke ba da jikinsu ba a yarda su karɓi albashi ba, iyakarsu karatu kyauta da abinci da wurin kwana. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Sai a 2021 aka yarda su sami kuɗi ta hanyar talla da sunansu, sa'an nan a 2025 kotu ta amince da wata yarjejeniya wadda ta ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20 a shekarar farko.

Iyayenmu da suke da yara a Amurka sukan yi murna in an ce ɗansu ya sami gurbin karatu kyauta saboda ƙwallo, kuma abin murna ne, domin kuɗin jami'a a can ba wasa ba ne. Christian Okoye ɗan Inugu ta wannan wasa ya yi suna, daga jami'ar Azusa Pacific zuwa ƙungiyar Kansas City a 1987. Sai dai cikin 'yan wasan jami'a ɗari, ba su kai biyu ba waɗanda babbar ƙungiyar ƙwararru take ɗauka. Sauran kuwa da takardar digiri za su nemi abinci, in sun samu sun kammala karatun.