Mariama Keïta: daga Muryar Sahel zuwa kujerar CSC

Da yawa cikin ƴan matan da ke gabatar da labaru a radiyoyin Maradi da Damagaram ba su san sunanta ba, alhali Mariama Keïta ce mace ta farko ƴar jarida a Nijar. An haife ta a Yamai a 1946. Ta fara da rubuta labaru tana karanta su a gidan radiyon gwamnati, Muryar Sahel, lokacin da babu radiyo mai zaman kansa a ƙasar, daga baya ta shugabanci gidan.

A 1993, shekarar da aka zaɓi Mahamane Ousmane, ta shiga aikin yi wa talakawa bayanin kundin tsarin mulki. Ta kuma jagoranci CONGAFEN, gamayyar ƙungiyoyin mata.

A ganina, kujerar da ta fi zafi ita ce ta shugabancin CSC, hukumar ƙoli ta sadarwa, daga 2003 zuwa 2006. A lokacin, hukumar ce ke ba da izinin buɗe radiyo, ita ce kuma ke iya dakatar da shi. Ke nan ƴar jarida ta koma mai tsawata wa abokan aikinta, gwamnati na ja ta nan, su kuma na ja ta can.

Ta rasu a Istanbul ranar 29 ga Oktoba 2018.