Sa'o'i Kaɗan a Kotor: Jirgi Ba Ya Jiran Kowa

Cikin zangunan da manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ke yadawa a tekun Adriyatik, Kotor na daga waɗanda aka fi yabo. Ƙaramin gari ne a ƙasar Montenegro, can a ƙuryar wani mashigin teku da ya kutsa tsakanin duwatsu. Jirgi kan iso da safe ya tashi da yamma, don haka abin da ke hannun fasinja 'yan sa'o'i ne. A ganina, haɗarin wannan zango bai wuce kwaɗayin ganin komai a yini ɗaya ba.

Tun kafin a bar gida akwai maganar biza. Montenegro ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta kuma cikin yankin Shengen, duk da cewa yuro take kashewa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar da ya hau jirgi a Italiya, da zarar an yada zango a Kotor ya fita daga Shengen ke nan, sannan zai sake shiga idan an isa Girka ko Kuroshiya. Bizar shiga sau ɗaya tana iya sa a hana shi hawa jirgin tun daga tashar farko. A nemi mai shiga da fita sau da yawa, a kuma sa kamfanin jirgin ya faɗi sharuɗɗansa a rubuce kafin a biya ko kwabo.

Kallon da ya fi kowanne kyau ba a biyan kuɗinsa. In an idar da sallar asuba kada a koma barci, a hau saman jirgi. A lokacin ne yake lallaɓawa ta mashigar Verige, inda faɗin ruwan bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, har mutum ya hangi tagogin gidaje dama da hagu. Yana fitowa sai ga garin Perast da ƙananan tsibirai biyu a gabansa.

Matsayar jiragen Kotor ƙarama ce, saboda haka da yawa daga manyan jirage a tsakiyar ruwa suke sakin anga, a riƙa jigilar mutane zuwa gaɓa da ƙananan jirage. Layin fita da na dawowa duk daga cikin lokacinka ake cire su. A bakin ƙofar sauka akwai allo da ke nuna ƙarfe nawa kowa zai kasance a ciki, da lokacin tashin ƙaramin jirgi na ƙarshe, wanda kan riga lokacin tashin babban. Ɗauki hoton allon da wayarka, haɗe da lambar wakilin jirgin a tashar, wadda ake bugawa a takardar shirin yini da ake kai wa kowane ɗaki. Ka kuma daidaita agogonka da na jirgi. Mu mun saba da tashar mota, inda direba zai yi ta danna ham yana jiran wanda ya je sayen burodi. Kyaftin ba ya haka, domin akwai tashar gaba da ke jiransa. Waɗanda akan jira su ne waɗanda suka fita yawon da jirgin ya shirya da kansa, kuma wannan ne kaɗai dalilin da ya sa tsadarsa take da hujja.

Tsohon garin yana daura da tashar, tsallaka titi kawai za ka yi ka shiga ta Ƙofar Teku, ginin 1555. Mutanen Benis ne suka mulki Kotor daga 1420 zuwa 1797, kuma ganuwar da suka ƙarfafa, mai tsawon kilomita huɗu da rabi, ita ce ta gagari Hairuddin Barbarosa, sarkin yaƙin ruwa na Daular Usmaniyya, a 1539. Girgizar ƙasar 1979 ta yi wa garin mugun lahani, a shekarar ce kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Mota ba ta shiga tsohon garin. Lunguna ne matsattsu, da majami'ar Tirifon ta 1166, da kyanwoyi ko'ina, har gidan tarihi aka yi musu. Duwatsun daɓen sun sha sawu har sun yi sulɓi, in an ɗan yi yayyafi sai an taka a hankali.

Ganuwar ba ta tsaya a ƙasa ba, ta bi dutse ta haura har zuwa wata tsohuwar kagara, matakala kusan 1,350. Ana biyan kuɗin shiga, babu inuwar kirki, kuma hawa da sauka na iya cin sa'o'i biyu. Mai niyya ya fara da shi da sanyin safiya, da takalmi mai kama ƙasa da gorar ruwa. Silifas da doguwar riga mai jan ƙasa ba na wannan hanya ba ne. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya tsaya a ƙaramar majami'ar da ke kan hanya, domin daga can ma ana ganin jajayen rufin garin da jirgin da ya kawo shi, babu wanda zai raba lambar yabo a sama.

Taura biyu ba ta taunuwa: wanda ya hau ganuwa ya haƙura da nisa. Wanda bai hau ba yana iya zuwa Perast, kimanin kilomita goma sha biyu, ya shiga kwalekwale zuwa tsibirin da mutane suka gina da hannunsu ta hanyar zuba duwatsu da nutsar da tsofaffin jirage. Har yau duk 22 ga Yuli mutanen garin kan fita su ƙara jefa duwatsu. Sai dai titin bakin ruwan ɗaya ne, kuma da bazara cunkoso kan tsayar da shi cak, tafiyar minti ashirin ta koma sa'a guda. Da mai tasi da mai kwalekwale, a yi ciniki a gama tun kafin a shiga: nawa ne zuwa da dawowa, ƙarfe nawa zai dawo da kai. Hanyar dutsen Lovćen mai kwana ashirin da biyar, da tafiyar Shuɗin Kogo a bakin teku, na mai dogon zango ne.

Wajen abinci a buɗe ido. Abin alfaharin yankin shi ne pršut, naman alade ne da aka kyafe, ana yanka shi siriri a kawo da cuku, wani lokaci a cusa shi cikin wani naman. Rakija kuma giya ce mai ƙarfi, fara tas kamar ruwa, akan miƙa wa baƙo don karamci. Gasasshen kifi ya fi kwanciyar hankali, amma da kilo ake yawan sayar da shi, sai a ce a auna a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. A riƙe 'yan canjin yuro a aljihu, a kuma kashe data, domin sauƙin kuɗin waya da layin Turai ke bayarwa ba lallai ya shafi Montenegro ba.

Idan kuwa ka ga za ka makara wajen komawa jirgi, kira wakilin jirgin tun kana cikin tasi, kada ka bari sai ka iso. In jirgin ya tafi, sau da yawa ma'aikata kan ɗauko fasfon fasinja daga ɗakinsa su bar wa wakilin, amma kuɗin masauki da na bin jirgin zuwa tashar gaba daga aljihunka za su fito. Shi ya sa katin banki, da hoton fasfo, da maganin da kake sha kullum za su sauka tare da kai. Lambar neman agaji a ƙasar 112 ce.