Sabon zomo baƙo ne, sai an san yadda za a sauke shi

Kiwon zomo ya shiga gidaje da dama a Maraɗi, Damagaram da Tawa, musamman wurin mata ƴan kasuwa. Dalilin a fili yake. Zomanya na ɗaukar ciki kwana 31, ta haifi ƴaƴa biyar zuwa takwas, kuma lungun ɗaki ya ishe ta. Sai dai a shirinmu na rediyo mun sha jin kuka iri guda: mace ta kwashi adashe ta sayo zomaye, kafin mako ya zagayo sun mutu. Wata baiwar Allah da ta kira mu ta ce huɗu ta sayo, ɗaya ya rage, har ta fara zargin maƙwabta da kambun baka. Da muka bi diddigi, sai muka tarar a cikin buhu aka kawo su da tsakar rana, yara suka yini suna wasa da su, aka kuma cika musu gaba da ɗanyen salati.

Zomon gida ba zomon dajinmu ba ne. Asalinsa daga ƙasashen Sipaniya da Fotugal yake, kuma shi da na daji ba sa haihuwa tare. Kakanninsa a rami suke kwana, kowa farautarsu yake yi, shi ya sa tsoro ya zame masa jiki. Sabon wuri, sabon wari da hayaniya na iya hana shi cin abinci. Zomo kuwa ba ya amai, kuma dole hanjinsa ya riƙa aiki ba tsayawa. In ya yini ya kwana bai ci ba, ransa na cikin haɗari.

Aikin yana farawa tun daga kasuwa. Kada a sayi ɗan zomon da bai kai mako shida ba, don bai daɗe da barin nono ba. A duba idonsa, hancinsa da cikin kunnensa, a kuma duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo. A tambayi mai sayarwa abin da ya saba ba shi, a roƙi ɗan guzuri. A ɗauko shi cikin kwando ko kwali mai huda, da sanyin safiya ko da marece. Ana cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. To, mai kiwo ya guji ratayo shi ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallabe gindi, a manna shi a jiki. In ya yi harbi yana reto, ƙashin bayansa na iya karyewa.

A shirya masauki kafin baƙo ya iso. Ɗaki ko keji mai inuwa da iska, nesa da murhu, nesa da janareto, inda kyanwa, kare da ɓera ba za su kai ba. A ajiye masa kwali ko tsohuwar tukunya a kwance, inda zai ɓuya. In daɓen ƙasa ne zai tona rami, don haka siminti ya fi. Haƙoransa ba sa daina tsiro, komai ya samu gurgura yake yi. A kawar da wayar lantarki, tabarma, leda da buhunan haja, a ba shi guntun busasshen icce ya huce a kai.

Kwana uku na farko a ƙyale shi. A kai abinci da ruwa, a yi magana a hankali, a fita. Yara su yi haƙuri da ɗauka. Daga baya a riƙa zama kusa da shi da asuba ko bayan magariba, lokacin da ya fi kuzari, a miƙa masa ganye a tafin hannu. Da kansa zai matso ya sansana. Ranar da kika ga ya miƙe ƙafafu ya kwanta a gabanki, ya saki jiki ke nan.

Harawar wake ko ta gyaɗa ita ce uwar abincinsa, kada ta yanke. A ƙara da ɗan dusa. Ɗanyen ganye, irin su zogale, salati da ganyen karoti, a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. Ragowar ganyen kasuwa da ya fara ruɓa ba na zomo ba ne. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa sun jawo wa mutane asara. Yana sha sosai, balle mai shayarwa. In kuma an ga yana cin kashinsa mai laushi, kada a tsorata, halittarsa ce, daga nan yake samun wani ɓangare na abincin jikinsa.

Babban abokin gabarsa a ƙasarmu zafi ne. Da zarar an wuce digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna haura 40. Ta kunnuwansa yake fitar da zafi. A ajiye masa randa mai ruwa ya jingina, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga. Wanda ke da zaɓi ya bari sai lokacin sanyi ya fara kiwon.

Mai tsofaffin zomaye ya ware sabon har mako biyu, ko yana ɗauke da ciwo. Maza biyu manya ba sa zama wuri ɗaya, faɗa za su yi har da jini. In lokacin barbara ya yi, macen ake kai wa namijin, domin ita tana kare ɗakinta.

Kowace safiya, kafin a wuce kasuwa, a leƙa kwanon abinci da kashin da ya yi. In kashin ya ragu, ko an ga zawo, ko yana yawan sosa kunne, a garzaya wurin ma'aikatan kiwo. Kada a buɗe masa kafson mutane. Magani irin amoksisilin yana kashe zomo in ya sha.

Mako biyu na haƙuri ne ke tsare jarin da aka zuba. Allah ya sa albarka a kiwon, ya ba da kasuwa.